Malam Arzika, Wanda Ya Kunna Nasa

A garinmu in ka ce Malam Arzika sai a tambaye ka wane Arzikan, amma in ka ce Ɓata-rediyo har yaron da bai san shi ba zai nuna maka ƙofar gidanmu. Kakana ne, shi ya haifi babana. Ina ajin firamare wata yarinya ta karya mani fensir, da na yi magana sai ta ce ai ɓarna a gidanmu ta fara, jikar Ɓata-rediyo. Na koma gida da kuka, na iske kakata Zinariya tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta ce in zauna. Tun daga ranar take ba ni labarin, yau kaɗan gobe kaɗan, kuma ban taɓa jin ta kai ƙarshensa ba tare da muryarta ta canza ba. Abin da ba ta gani da idonta ba, daga bakin Malam ta ji, wani kuma na tambayo wajen tsofaffin da suka yi karatu a hannunsa.

A wajen Bauranya aka haife shi, ɗan manomi mai ɗan karatun allo. Yana cikin yaran da aka ɗiba aka kai makarantar boko a lokacin da iyaye ke ɓoye ɗiyansu a rumbu in sun ji an zo ɗiba. Ya yi karatu, ya fito malami, aka turo shi Unguwar Kabo, wani ƙauye da ke gaba da Bauranya kaɗan. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, ga wata tsohuwar tsamiya a bayanta. Dogo ne siriri, mai magana a hankali. Halinsa ɗaya da kowa ya sani, ba ya iya barin abu bai ga cikinsa ba. Kaka ta ce fitilar da aka kawo ta da ita gidan aure ba ta yi sati ba ya warware ta gaba ɗaya, ya jera guntayen a kan tabarma, ya mayar, ta kuma fi da haske.

Saura 'yan shekaru Turawa su tafi aka ce za a fara koyar da yara ta rediyo. Wani zai yi magana daga Kaduna da hantsi, a ji shi a kowace makaranta. Bayan an gama kaka aka kira malaman yankin zuwa Kankiya kwas, su koyi yadda ake aiki da akwatin. Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye don murna. Kaka ta ce rigarsa ta Juma'a ya sa, kamar mai zuwa neman aure.

Wanda aka ɗora wa koyar da su shi ne Malam Sabi'u, mai duba makarantu, wanda shi aka fara turawa ya koyo. Da suka shiga ɗakin kwas ɗin suka ga akwatunan katako jere a kusurwa, ba a ko cire ƙusoshinsu ba. Rediyo guda ce a kan tebur, ita ma an rufe ta da farin ƙyalle. Malam Sabi'u ya ɗauki alli ya zana rediyo a kan allo. Wannan zanen shi suka koya har kwas ya ƙare. Ya nuna da tsumagiya, manyan malamai masu gemu su amsa baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya: wannan makunni, wannan abin murɗawa, wannan wayar sama da ake ɗaurewa a itace, wannan wayar ƙasa da ake ɗaurewa jikin ƙarfe a kafa a ƙasa. In ya ga dama ya yaye ƙyallen, ya kunna da kansa, su ji 'yar magana, ya kashe. Babu wanda ya ɗora yatsa a kanta.

Sauran lokacin duk dokoki ne. Kada ƙura ta taɓa ta. Kada rana ta taɓa ta. Kada hannun yaro ya taɓa ta. Ruwa kuwa, ko inuwarsa kada ta gani.

Malam ya ɗaga hannu ya ce, “Gafarta Malam, in mai maganar nan ya yi tambaya, yara za su amsa mashi ko ni zan amsa? Kuma ni ina zan tsaya yana magana, gaban aji ko baya?”

Malam Sabi'u ya ce, “Ba mu zo nan ba tukuna.”

Washegari ya sake tambaya, aka ce ba a zo nan ba. Abokinsa Malam Gajere, wanda suka yi makaranta tare, yake koyarwa a wajen Mawashi, ya zungure shi da gwiwar hannu ya ce, “Kai Dogo, bari mutum ya gama wa'azinshi mu tahi mu ci tuwo.” Har aka tashi kwas ɗin ba a zo nan ba. Ni dai har yau na kasa gane yadda za a tara malamai a ce za a koya masu koyarwa da abu, a ƙi ba su abin su riƙe, a kuma ƙi gaya masu yadda ake koyarwar.

Ranar ƙarshe ita ce ta jawo komai. Malam Sabi'u bai raba rediyon kamar yadda ake raba alli da littattafai ba. Ya kira wakilin hakimi da limami suka zauna. Kowane malami ya fito, a buɗe akwati a gaban shaidu, a juya ta gaba da baya a nuna ba ta da tabo, sannan a miƙa mashi da hannu biyu. Kowa ya ce mashi abu ɗaya: “Ga ta nan lahiya lau na ba ka, kuma haka nake son in same ta.” Aka shafa fatiha.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da aka yi a nan. Haka ake ba da ajiya. In mutum zai tafi ci-rani ko Makka, yakan kawo ƙullin kayansa gidan wanda ya yarda da shi, a gaban shaidu. Mai gidan zai kai shi ƙuryar ɗaki ya rataye. Ko yunwa za ta kashe iyalinsa ba zai kwance ba. Mutuncinsa duka yana ga ranar da mai kaya zai dawo ya tarar da ɗaurin da ya yi da hannunsa yana nan yadda ya bari. Malaman nan duk ɗiyan irin waɗannan gidaje ne. Kowa ya ɗora akwatinsa a kan jaki, ya kai gida, ya naɗe da zane, ya tura ƙarƙashin gado.

Ban da Malam Arzika. Da Kaka ta ce mashi ai wannan ajiya ce, sai ya ce, “Ajiyar da aka ba ni tana zaune a aji, su talatin da wani abu, da majina a hanci. Wagga kuwa fartanya ce.”

Ya hau tsamiya da kansa ya ɗaura wayar sama. Ya je wajen maƙeri aka gyara mashi wani guntun ƙarfen amalanke, ya kafa shi a bayan taga, ya ɗaura wayar ƙasa kamar yadda aka zana a allo. Ya kunna. Sai huci da ƙara kamar ana suya, muryar mutum can ƙasa-ƙasa, ba a jin ko kalma. Ya kwance, ya sake ɗaurawa, ya ƙara wa wayar sama tsawo, duk banza. Kaka ta ce a makonnin nan ko an sa mashi abinci sai ya huce.

Yana da al'adar yin sallar walaha kafin ya shiga darasin hantsi. Wata rana ya bar rediyon a kunne tana hucinta, ya zaga bayan taga da buta, ya tsuguna dab da ƙarfen nan yana alwala. Ruwa ya gangara ya jiƙa gindin ƙarfen. Yana cikin wanke ƙafa sai ya ji mutum ya yi sallama a cikin ajinsa, tar, kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Yara suka amsa sallamar baki ɗaya, wasu suka ruga waje. Washegari ƙasa ta bushe, huci ya dawo. Ya zuba ruwa, murya ta fito. Daga nan ya gane busasshiyar ƙasa ce ba ta karɓa. Tun daga ranar a nan yake alwalarsa, ruwa ɗaya ya yi aiki biyu, don a rani rijiyar Unguwar Kabo ba ta da ruwan zubarwa. Mutanen gari suka riƙa dariya, wai Malam ya shuka waya yana ban-ruwa, a jira a ga abin da za ta haifa.

Abin da aka ƙi koya mashi a Kankiya shi ya zauna ya ƙirƙiro da kansa. Ya lura in ya kunna kawai yara sukan saki baki suna kallon akwatin, a tashi ba su riƙe komai ba. Sai ya juya fuskar rediyon ta kalli bango. Kafin lokaci ya yi ya rubuta kalmomin da yake tsammani a allo. Mai magana yana magana shi yana tsaye yana nunawa da tsumagiya. In aka yi tambaya ya ɗaga hannu, yara su amsa da ƙarfi. Ana gamawa ya kashe don kada batir ya ƙare, ya ce to, kowa ya gaya mani abu guda da baƙonmu ya faɗi. Baba Labaran, wanda ya yi karatu a ajin, yau ya tsufa yana sayar da goro a tashar Kusada. Ya ce mani a nan ya fara jin cewa akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa, kuma har yanzu yana iya rera mani waƙar wanke hannu da suka koya, da muryar mai rediyon.

Labari ya kai Mawashi. Ranar wani hutu sai ga Malam Gajere bisa kekensa, da Malam Lawal da ke koyarwa a wajen Ƙofa a biye. Wai sun zo gaisuwa. Ba su gama shan ruwa ba Gajere ya ce a je a nuna masu shukar.

Malam ya ji daɗi ƙwarai. Ya kai su aji, ya zaunar da su gaban rediyon, ya ce kowa ya sa hannu. Malam Lawal ya goge tafinsa a riga har sau nawa kafin ya taɓa. Gajere kuwa ya kama abin murɗawa kamar mai murɗe wuyan kaza.

“A hankali, Gajere. Ba igiyar guga ba ce.”

“To ai ba ta ji, kamar mai ita.”

“Koma baya kaɗan. Tsaya nan. Ka ji shi? In ka wuce shi sai ka dawo, kamar mai neman bakin rami da ƙafa. To taka hwa, tana ina?”

“Tawa tana nan lahiya, tana barci ƙarƙashin gadon uwargida.”

“Don ɗiyan mutane aka ba ka.”

“Don in maido aka ba ni, gaban liman. Kai dai da ba ka da tsoron Allah murɗo mana mai gogen nan mu ji.”

Daga ranar suka mayar da Unguwar Kabo wajen zuwa duk hutu. Wasu malaman ma suka biyo su. Malam ya koya masu kama tasha, da ɗaura waya, da sirrin jiƙa gindin ƙarfe. Ya zaunar da su kan benci a matsayin yara, shi ya zama mai rediyo, ɗaya ya tashi ya riƙe tsumagiya, a gwada, a yi dariya, a sake. Kwas ɗin da ya kamata a yi a Kankiya a nan aka yi shi, ba wanda ya aiko shi, ba wanda ya gode mashi. Su kuma ba su ga laifin komai ba, don a wajensu taɓa ajiyar da ke hannunka abin kunya ne, amma morar kayan maƙwabci da izininsa ai zumunci ne. Duk wata murɗa da hannun koyo zai yi, rediyon Malam ce ta sha ta. Fentin wajen makunni ya goge. Wata rana abin murɗawa ya tsage a hannun Gajere, Malam ya sassaƙa wani da icen aduwa ya sa.

A nan Kaka takan tsaya ta ce, “Kuma ni na tuƙa masu tuwo. Duk zuwa. Gajeren nan malmala uku yake tashi da ita, ya ce miyata ta fi ta gidanshi.”

Gab da faɗuwar damina Malam Sabi'u ya zo duba makaranta. Bai zauna ya ji darasi ba, don bayan azahar ya iso. Ya dubi icen aduwa, ya dubi gogaggen fenti, ya zaga baya ya ga ƙasa a jiƙe dab da taga. Ya tsuguna ya taɓa da yatsa.

“Mi na ce maku game da ruwa?”

“Ba jikinta nake zubawa ba, ranka ya daɗe. Gindin ƙarhe ne. In ka kwana gobe da hantsi sai ka ji bambanci da kunnenka.”

“Ni za ka koya wa rediyo?”

Ya hau kekensa. Malam ya bi shi da roƙon a ba shi sabon batir, don nasa ya fara mutuwa. Malam Sabi'u ya ce kowa ɗaya aka ba shi, kuma ba wanda ya zo da wannan kukan sai shi.

Ba a daɗe ba aka aiko kowane malami ya kawo rediyonsa Kankiya, Baturen makaranta zai zo ya gani. Kaka ta ce ranar ta so ta shafa wa akwatin man gyaɗa ko zai yi ƙyalli, Malam ya hana. Ya ce ba abin ɓoyewa, duk wanda ya ga wannan ya san an yi aiki da ita. Da wannan zuciyar ya tafi, yana tsammanin har za a ce ya tashi ya nuna wa sauran yadda yake yi.

Aka jera su kan tebura a ɗakin nan da aka yi kwas. Kowa ya kwance zanensa. Ta Gajere har ƙanshin turaren uwargida take yi. Duka suna walƙiya kamar ranar da aka cire su daga akwati, sai guda ɗaya a ƙarshen layi, mai kan ice da shatin yatsun alli. Bature ya bi su ɗaya-ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya zo kan ta Malam ya tsaya, ya taɓa icen aduwa da bakin alƙalaminsa. Malam Sabi'u ya matso kunnensa ya yi mashi bayani, har da maganar ruwa.

Bature ya ce to, kowa ya kunna tasa a ji. An riga an sa masinja ya ɗaura waya a itace ya kafa ƙarfe a bayan ɗakin. Gajere aka fara kira. Ya haɗa wayoyi tsaf, ya murɗa a hankali, ya wuce, ya dawo baya kaɗan, daidai yadda aka koya mashi a Unguwar Kabo. Sai huci, murya can ƙasa-ƙasa. Ya ce a gafarce shi zai zaga. Daga inda Malam yake tsaye yana hangen bayan ɗakin ta taga. Da idonsa ya ga Gajere ya ɗauki butar masinja ya juye ta kaf a gindin ƙarfen. Kafin ya dawo murya ta cika ɗaki.

Bature ya yi murmushi. Malam Lawal ya kunna tasa, ta yi magana. Duk waɗanda suka sha zuwa Unguwar Kabo suka kunna, batiransu sababbi ful, ba a taɓa tatsar su ba. Bature ya juya ya yaba wa Malam Sabi'u, ya ce lallai kwas ya yi kyau.

Aka zo kan Malam. Ya haɗa, ya kunna. Ta yi wani ɗan nishi ta yi shiru. Batir ya ƙare a kan yara.

Bature ya tambaya, wane irin malami ne za a ba shi kayan hukuma ya fasa, ya jiƙa, ya kashe, ga 'yan'uwansa sun riƙe nasu ƙalau kuma sun iya aiki da su. Malam yana jin Turanci daidai gwargwado, bai jira tafinta ba. Ya ce tasa ta tsufa ne don kullum tana magana da yara. Ya ce a tambayi malaman nan inda suka koyi kama tasha. Ya ce in ana son gaskiya a kira yaro ɗaya daga kowace makaranta a tambaye shi abin da ya ji a rediyo.

Bature ya dubi agogonsa, ya ce bai zo da lokacin tara yara ba. Amma ya juya ga Gajere ya tambaye shi a ina ya koya.

Gajere bai dubi Malam ba. Ya durƙusa ya ce, “A kwas ɗin Malam Sabi'u, ranka ya daɗe.”

Malam Lawal ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Sauran ma ba wanda ya yi tari. Kowa ya san in ya buɗe baki zai tona cewa tasa ba ta taɓa ganin ƙofar aji ba. Gefen wandon Gajere yana jiƙe da ruwan butar, kowa yana gani, kuma ruwa ne laifin da ake karanta wa Malam.

Na taɓa tambayar Kaka me ya hana shi ya nuna wandon. Ta ce ita ma ta tambaye shi, har ta yi kwana da kwanaki ba ta yi mashi magana ba saboda haushi. Abin da ya ce mata kawai, “In na nuna, su kore mu mu biyu. Yaran Mawashi mi suka yi?” Ta ce, “Yaran Unguwar Kabo hwa, mi suka yi?”

A ranar aka karɓe rediyon. Kafin shuka ta fito aka sallame shi daga aiki, aka ce ya yi sakaci da kayan hukuma. Ranar kasuwa ta zagayo, wani mai bakin tsiya ya ce ga Ɓata-rediyo nan, sunan ya zauna. Abin da ya fi ci wa Kaka rai shi ne a yankin da aka san mahaifinsa da riƙon ajiya, sai ga mutane sun daina kawo ko ƙullin dawa gidan. Wata maƙwabciya ta zo har ɗaki ta karɓe tasoshin da ta ba Kaka ajiya tun bikin ɗiyarta, tana ta kame-kame wai za ta wanke su ne.

Sauran rediyon kuwa kowa ya naɗe tasa ya mayar ƙarƙashin gado, yanzu ma da hujja, tunda an ga abin da ya sami wanda ya kunna. Wanda aka turo a madadin Malam ba a ba shi wata ba. Baba Labaran ya ce da hantsi sukan juya su dubi wajen da take zama, sabon malami ya zabga masu tsumagiya.

Malam ya koma makarantar sau ɗaya, ya tone ƙarfensa. Ya ce shi kaɗai ne ba na hukuma ba. Ya kama noma, gero da dawa da ɗan gyaɗa, kuma ya iya, sai dai bai sake riƙe alli ba. In famfon fitilar wani ya lalace ko keke ya ƙi, a kawo mashi ta bayan gida ya gyara, mai kayan ya fita yana kiransa da sunan nan a kasuwa. Malam Sabi'u ya ci gaba da hawa, Gajere ya zama hedimasta har ya yi ritaya da mutuncinsa. Ko a jana'iza suka haɗu, Malam yakan ba shi hannu, ba ya ƙarawa.

Ina ƙarama sosai lokacin ciwon ajalinsa, amma na tuna wani tsoho gajere mai sanda da ya zo da la'asar, Kaka ta ƙi shimfiɗa mashi tabarma sai da Malam ya yi magana daga kwance. Abin da suka faɗa daga bakinta na ji.

“Dogo, ya jiki?”

“Ga shi nan, batir ya yi ƙasa.” Sannan Malam ya ce, “Gajere, abu guda nake son in sani. Ka taɓa kunna wa yara ita? Ko sau ɗaya?”

Gajere ya daɗe yana jujjuya sandarsa. Ya ce bayan Turawa sun tafi, da ya ga ba mai zuwa tambaya, ya jawo ta don ya kai aji. Ya kwance zanen ya tarar gara ta shiga ta ƙasa ta cinye katakon, batir ya zubo ya haɗe da wayoyi. Ya ce na sauran ma haka, wasu ɓera, wasu tsatsa. Aka gaya wa ofis, ofis ya ce ba laifin kowa ba ne.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kaka ba ta yi ba. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, “Malam Gajere, wagga maganar ba a ɗaki ya kamata ka yi ta ba. A kasuwa aka sa mashi suna. Ka tahi ƙofar masallaci ranar Juma'a ka hwaɗi wanda ya koya maka, da wanda ya tsaga abin murɗawar, da wanda ya juye buta a Kankiya.”

Ya ce, “In sha Allahu, Zinariya.”

“Tuwona ka ci.”

“Na ce in sha Allahu.”

Juma'a ta zo ta wuce. Malam ya rasu a damina. Gajere ya zo ta'aziyya, ya zauna a sahun gaba, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri. Ya rayu bayan haka shekaru, Juma'a nawa ta same shi a ƙofar masallaci, bai faɗa ba har ya bi shi.

Shi ya sa na rubuta, da sunayensu, yadda aka gaya mani. A duk yankin nan yaran aji ɗaya ne kawai suka ji darasin rediyo a wancan zamani, kuma malaminsu shi aka kora. Duk malamin da ya iya kunna tasa a gaban Bature a hannunsa ya koya. Sunansa Malam Arzika.

Ƙarfen yana nan a tsakar gidanmu. Kaka ta kafa shi kusa da rijiya tana ɗaure akuya. In ta zo alwala a nan take tsugunawa, ruwan ya gangara gindinsa. Na ce mata ai yanzu ba waya a jiki, ta ce ta sani.